Kazar da Ta Kasa Ɗaukar Jikinta

'Ya'yana maza da mata, na ga da yawanku kun rungumi kiwon kaji, kuma hakan yana faranta mini rai. Saurayin da ya gama makaranta bai samu aiki ba ya kewaye bayan gida ya zuba 'yan tsaki ɗari. Matar aure ta ware ɗaki guda tana kiwon buroila don kasuwar Sallah. Wasunku kuma suna jami'a suna karatun likitan dabbobi ko na ƙwayoyin halitta, nan gaba su za a riƙa tambaya, a yi ko a bari? Sana'a ce ta halal, ta fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Da ku duka nake son yin magana, a kan abin da mai sayar da 'yan tsaki ba ya faɗa muku ranar da kuka je karɓar kwali: wa ya mayar da wannan tsuntsu haka, kuma me hakan ya jawo masa.

Kakannin buroila ba haka suke ba. A 1948 an yi wata gasa a Amurka wadda kamfanin kantunan abinci na A&P ya ɗauki nauyinta, ana neman kazar da ta fi faɗin ƙirji da saurin girma. Tun daga lokacin aka duƙufa kan zaɓen iri. A duba dubban kaji, a ware waɗanda suka fi saurin ƙiba, a haɗa su barbara, a sake zaɓe cikin 'ya'yansu, shekara bayan shekara. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun adana irin kajin 1957 da na 1978 yadda suke, sai suka kiwata su tare da irin 2005, abinci ɗaya, kulawa ɗaya, suka wallafa sakamakon a 2014. Da kajin suka cika kwana 56, ta 1957 nauyinta gram 905, ta 1978 kilo 1.8, ta 2005 kuwa kilo 4.2. Ninki huɗu ke nan da ɗoriya, a kwanaki iri ɗaya. Yawancin buroilar da ake kiwo a duniya yau, har da 'yan tsakin da ake ɗauko muku daga Ibadan cikin dare, in aka bi salsalarsu za a tarar tana komawa ga kamfanoni biyu, Aviagen da Cobb.

Ku shiga ɗakin kajinku a mako na shida, ku ajiye lissafin kilo a bakin ƙofa, ku tsuguna ku dubi kaza ɗaya. Za ku ga mafi yawan yini a kwance take. In ƙishirwa ta matsa mata sai ta yunƙura, ta ware ƙafafu, ta yi taku huɗu ko biyar tana tangaɗi, wani lokaci tana dogara fiffike a ƙasa, ta isa wurin ruwa ta sake zubewa. Ku ɗaga ta ku duba ƙirjin: gashin ya zube, fatar ta yi ja saboda kwanciya a kan jiƙaƙƙen garin katako. Ku duba gwiwa da tafin ƙafa, za ku ga baƙin tabo inda kashi ya ƙona fata. In watan Afrilu ne, bakinta a buɗe tana haki, fikafikai a sake. Da safe kuma kukan tarar da wadda ta fi kowace girma a rigingine, ƙafafu sama, alhali jiya lafiyarta lau. Wata cikinta ya cika da ruwa, ƙororonta ya yi duhu. Masu kiwo sukan ce zafi ne, ko kuma ai haka buroila take. Abin da ya faru shi ne tsoka ta yi saurin da ƙashi da zuciya da huhu suka kasa bin ta. Kwananta 42 kawai a duniya, in ta yi kuka ma kukan ɗan tsako take yi, amma tana ɗauke da jikin da ya fi na tsohuwar kazar gida nauyi.

Wani zai ce, ina muka sani ko tana jin ciwo? An gwada. A Jami'ar Bristol ta Ingila, a wani bincike da aka wallafa a 2000, an ajiye wa buroila abinci kashi biyu, ɗaya an zuba masa maganin kashe zogi, ɗaya babu. Guragun cikinsu suka fi cin mai maganin, kuma gwargwadon tsananin gurguntar kaza gwargwadon yawan abin da take ci daga gare shi. Dabbar da ba ta jin ciwo ba za ta nemi magani ba. A wani aikin da aka wallafa a 2008 masu binciken jami'ar suka duba kaji wajen 51,000 a gonakin Ingila, suka tarar fiye da kashi 27 cikin 100 ba sa tafiya daidai tun suna da kwana 40 ko makamancin haka.

Akwai kuma wahalar da ba ku gani, ta iyayen waɗannan 'yan tsaki. Su ma suna da wannan ci marar ƙoshi a jininsu, amma su dole su rayu har su balaga su yi ƙwai. In aka bar su suka ci yadda suke so, ƙiba za ta gurgunta su ko ta kashe su kafin lokacin. Don haka ake auna musu abinci, a lokacin tasowarsu wani sa'in bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za su ci da an sake musu ba. Sai su yini suna saran kwanon da babu komai a ciki, suna ɗirkar ruwa don cika tumbi. An samar da dabbar da in ta ƙoshi ta lalace, in an tsare lafiyarta ta kwana da yunwa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Na kan ji ana cewa kajin gidan gona allurar ƙiba ake musu, ko kuma an sauya musu ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji. Ku daina yaɗa wannan. Girman nan daga zaɓen iri ne da haɗin abinci, kuma buroilar da ke kasuwa ba wadda aka shiga ƙwayar halittarta aka yanke ko aka dasa wani abu. Na faɗi haka ne don ku ga cewa cutarwar ta riga sabon ilimin zuwa. Da tsohuwar dabara aka kai kaza wannan hali, don shekara saba'in ana tambayar abu ɗaya, kilo nawa a kwana nawa da buhu nawa. Yanzu ga sabon makami ya zo hannun masu wannan tambaya. Tun 2012 da aka fito da dabarar CRISPR, mai bincike yana iya zuwa daidai wurin da yake so a cikin ƙwayar gadon dabba ya gyara, abin da zaɓe zai ɗauki shekaru da yawa ya yi shi a haihuwa ɗaya. An taɓa ɗanɗana abin da gaggawa ke haifarwa. A shekarun 1980, a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka da ke Beltsville, an dasa wa aladu ƙwayar gadon da ke sa girma, har da ta ɗan Adam. Aladun suka fito da ciwon gaɓoɓi da gyambon ciki da matsalar ido, da yawa suka mutu da wuri.

To shin taɓa halittar dabba haramun ne ɗungurungum? Ba ni da hurumin fatawa, amma ga abin da ke gabanmu. Kakanninmu ba su bar dabba yadda suka same ta ba. Bafulatanin da ya ware bijimi ɗaya ya bar wa garke, ya dandaƙe sauran, zaɓen iri yake yi. Da haka aka samu Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak, da haka aka samu Balami da Uda da jar akuyar Maraɗi da Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har Turai. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure za su tuna cewa kusa da ƙarshenta an halatta dandaƙar tumaki da awaki saboda tana gyara nama, an hana ta dawakai, an kuma karhanta yi wa dabba lamba da wuta a fuska. Wato malamanmu sun auna kowane aiki, amfaninsa nawa, cutarsa nawa, ba su yi wa duka kuɗin goro ba. A ɗaya ɓangaren kuma, aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa tsaga kunnuwan dabbobi da sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umartar mutane da su, gargaɗin da bai kamata mai wannan ilimi ya manta da shi ba ko da yini ɗaya. A 1998 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a kan wannan batu, ta halatta amfani da shi a noma da kiwo, da sharaɗin a ɗauki duk matakin hana cutarwa ga mutum da dabba da muhalli, ko da cutarwar sai can gaba za ta bayyana. Ku lura, dabba tana cikin waɗanda aka ce kada a cutar. Wannan sharaɗi ne aka fi saurin tsallakewa.

Bari in ba ku labarin shanu marasa ƙaho, don yana da fuska biyu. A manyan gonakin madara na Turai da Amurka, kusan kowace maraƙa ana kashe mata ƙaho tun tana 'yar makonni. Ana danne ta, a ɗora jan ƙarfe mai zafi a kan tsiron ƙahon har ya ƙone, ko a shafa sinadari mai cin fata, sau da yawa ba tare da maganin kashe zafi ba. Dalili shi ne shanun a cunkushe suke, masu ƙaho za su soki juna su soki ma'aikata. Akwai kuma irin shanun nama, kamar Angus, da ake haifa ba ƙaho. Sai wani kamfani a jihar Minnesota mai suna Recombinetics ya kwafi wannan siffa ya sa a irin shanun madara, aka haifi 'yan maruƙa biyu a 2015 ba ƙaho. Ni a ganina niyyar mai kyau ce. In za a raba miliyoyin maruƙa da jan ƙarfe, alheri ne, kuma ba zan ɓoye muku cewa na yi na'am da shi ba. An yi ta shelar cewa gyaran tsaf yake, ba a ƙara komai daga waje ba. A 2019 masana a hukumar abinci da magunguna ta Amurka suka sake bin bayanan ƙwayoyin gadon ɗaya daga cikin bijiman, suka tarar wani guntun ƙwayar gadon bakteriya da aka yi aiki da shi a ɗakin gwaji ya maƙale a ciki, har da ɓangaren da ke sa bijire wa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Masu aikin ba su gan shi ba saboda ba su neme shi ba. Shirin da ake yi na yaɗa irin a Brazil ya tsaya. Ku da za ku yi wannan aiki gobe, ku riƙe wannan: mutanen ƙwararru ne, kuma sun yi kuskure na shekara huɗu ba su sani ba. Wanda ya gano kuskuren mai sa ido ne daga waje, don haka kada ku ɗauki mai bin diddigin aikinku a matsayin maƙiyi.

Akwai kuma gyaran da ya shafe mu kai tsaye. Shanun Senepol na tsibirin St. Croix a yankin Karebiyan suna da gajeren gashi mai santsi da ke taimaka musu jure zafi. An kwafi wannan siffa an sa a wasu shanun nama, a watan Maris na 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce haɗarin cin namansu kaɗan ne. Duk wanda ya taɓa ganin saniyar Holstein, baƙa da farin nan ta Turawa, tana tsaye a rana a gonar wani attajiri a Kano ko Kaduna, harshe waje, yawu na dalala, haƙarƙari na bugawa, zai so a ce an sauƙaƙa mata. Sai dai ku tambayi kanku, me ya kawo ta nan tun farko? Bunajinmu tana tafiya yini guda a ranar bazara, ta ci busasshiyar ciyawa, ta kwana a fili. N'Dama ta ƙasashen Gini da Gambiya tana rayuwa a dajin ƙudan tsando inda sammore ke kashe sauran shanu. Abin da ake kashe miliyoyin daloli ana ƙoƙarin dasawa, Allah ya riga ya ajiye mana irinsa a ruga. Madararsu kaɗan ce, gaskiya ne, kuma cibiyar NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aikin haɗa Bunaji da Friesian don a ƙara ta. Roƙona shi ne kada zumuɗin baƙon iri ya sa a wayi gari babu tsantsar namu. Irin da ya ɓace ba ya dawowa.

Haka batun murar tsuntsaye. Manyanku za su tuna watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a kajin Afirka, aka riƙa haƙa rami ana binne kaji dubu-dubu, mutane da yawa jarinsu ya tafi ke nan. A 2023 cibiyar Roslin ta Scotland ta sanar da cewa ta gyara ƙwayar gado ɗaya a jikin kaji, da aka sa musu ƙwayar murar tara cikin goma ba su kamu ba. Da aka ninka yawan ƙwayar sosai rabinsu suka kamu, kuma ƙwayar cutar ta fara sauya kanta don ta zagaye gyaran. Masu binciken da kansu suka bayyana hakan, abin a yaba musu ne. Kazar da ba ta kamuwa da mura rahama ce gare ta da mai ita. Fargabata ita ce mai gona ya ce, tunda ba sa kamuwa, bari in ƙara dubu biyu a ɗakin.

Nan ne zuciyar maganata take. Gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake yi don a raba dabba da ciwo, akwai wanda ake yi don ta iya jure muguntar wurin da aka ajiye ta. An taɓa samun wasu kaji da ake ƙyanƙyashewa makafi, masu bincike suka lura ba sa tsigar gashin juna kamar masu gani idan aka cunkushe su. Sai mahawara ta tashi tsakanin masana, ko ya dace a riƙa kiwon makafin kaji tunda sun fi zama lafiya a ƙunci? A 2009 wani mai nazarin falsafa a Amurka ya rubuta cewa tunda manyan gonakin nan ba za su gushe ba, gara a gyara dabbobin yadda ba za su damu da zafin ciwo ba. Da gaske yake, kuma tausayi ne ya kai shi. Amma ni ina ganin wannan kamar mutumin da takalmi ya matse wa ɗansa ne, maimakon ya sake masa takalmi sai ya nemi wuƙa ya rage yatsu. Kaza tana tsigar 'yar'uwarta ne saboda an hana ta tonon ƙasa da birgima a turɓaya da wurin da za ta kauce. Idonta ba shi da laifi. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar yadda muke al'umma, kowace da yanayin rayuwar da aka halitta ta a kai. Ba a ba mu su don mu kwashe duk abin da ya sa kaza ta zama kaza mu bar tsoka kawai ba.

A cikin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya yi kuka idonsa na zubar da hawaye. Ya shafa kansa har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan barin raƙumin da yunwa da yawan wahalar da shi, ya tuna masa tsoron Allah a kan dabbar da aka mallaka masa. Mai raƙumin aka ce ya gyara halinsa. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan a Littafin Karin Magana, inda aka siffanta adali da kula da ran dabbarsa.

Na san abin da ke ran wasunku. Baba, mutane na kwana da yunwa, kana maganar gwiwar kaza? Ban raina wannan magana ba. A ƙauyukanmu akwai yaran da ke wata guda ba su ga nama ba, kuma ƙwai ɗaya a rana yana iya sauya girman yaro. Kajin gidan gona ne suka sa talaka ke iya sayen ƙwai da tsinken kaza. Wanda ya ƙoshi a Turai ba shi da bakin ce mana mu daina. Ni ma ban ce ku daina ba. Amma ku duba lissafinku da kyau, mafi yawan abin da ke sauƙaƙa wa kaza yana rage muku asara. Wadda ta mutu a mako na biyar ta cinye abincinku ta tafi da shi. Inda kuma tausayi zai ci muku ɗan kuɗi, don akwai irin wannan wuri, ba zan yaudare ku ba, to ku biya da zuciya ɗaya. Hakki ne kuke saukewa.

Masu kajin ƙwai, ku yi tunani kafin ku sayi kejin waya mai hawa-hawa. Lokacin da ake amfani da irin wannan keji a Turai, kowace kaza santimita murabba'i 550 ake ba ta, bai kai faɗin takardar A4 da kuke buga takardun neman aiki a kai ba. Ba ta iya buɗe fiffike, ba ta taka ƙasa, ba ta da lungun da za ta ɓuya ta yi ƙwai, har fiye da shekara. Ga shi an zaɓe ta tana yin ƙwai wajen 300 a shekara, jikinta na kwasar sinadarin ɓawon ƙwai daga ƙashinta, shi ya sa ƙashin ƙirjin da yawansu yake karyewa. Tarayyar Turai ta haramta wannan keji tun 2012, mu kuwa yanzu ake tallata mana shi a matsayin ci gaba. Kiwo a ƙasa bisa garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, da akwatunan yin ƙwai da sandunan hawa, ya fi wahalar shara, amma ana cin riba da shi. Wani abu guda da muka fi Turawa a kai, kada ku bari ya suɓuce: a can, 'yan tsaki maza na irin masu ƙwai ana kashe su ranar da aka ƙyanƙyashe su, biliyoyi duk shekara in aka haɗa duniya baki ɗaya, har Jamus ta kafa dokar hana hakan daga farkon 2022. A nan ana sayar da su da araha, mata su kiwata su a tsakar gida su zama zakaru.

Masu buroila kuma, kada ku cika ɗaki. Dokar Turai ta sa iyakar kilo 33 a kowane mita murabba'i, sai da ƙarin sharuɗɗa ake kaiwa 42, kuma wannan a ƙasa mai sanyi ne, a ɗaki mai na'urar iska. A zafinmu, ƙarƙashin kwano, ku yi ƙasa da haka sosai. Ku buɗe gefen ɗaki iska ta ratsa, ku shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, ku ajiye ruwa mai sanyi da rana. Shimfiɗa in ta jiƙe ku kwashe, in warin kashi yana yi muku yaji a ido kuna tsaye, ku tuna hancinsu a ƙasa yake dare da rana. Ku kashe fitila na wasu awoyi da dare su yi barci, hakan yana rage gurgunta da mutuwar fuju'a. Wadda ta gurgunce ba ta iya kaiwa ga ruwa, kada ku bar ta ta mutu da ƙishirwa a lungu, ku ware ta ko ku yanka ta. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba abin zubawa a ruwa kullum ba ne. Turai ta hana amfani da shi don ƙara girma tun 2006, domin yawan shansa yana koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa, ranar da ɗanka ya kwanta a asibiti maganin ya ƙi ci. In likitan dabbobi ya rubuta, ku cika kwanakin jira da ke jikin kwalba kafin ku sayar wa mutane. In kasuwarku za ta karɓa, ku gwada irin da ba su da gaggawar girma, kamar Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda ke yawo da ƙafafunsu suna kiwo. Ranar kai su kasuwa kada a ɗaure su goma-goma a rataye kai ƙasa a bayan babur da tsakar rana. Wajen yanka, hadisin Shaddad bin Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya wadatar: a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka.

Ku kuma 'yan jami'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Najeriya ta kafa hukumar NBMA mai sa ido kan irin waɗannan gyare-gyare a 2015. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda aka yi aikinsa a cibiyar IAR ta Samaru, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. An fara da tsirrai, dabbobi na tafe, kuma wasunku ne za su zauna a kwamitin da takardar neman izini za ta zo gabansa. Takardar za ta zo da bayanin lafiyar mai cin naman da na ribar manomi. Sai ku ƙara naku tambayoyin. Wani malamin jami'a a Colorado, Bernard Rollin, wanda ya daɗe yana koyar da ɗaliban likitan dabbobi, ya kawo ma'auni a littafinsa na 1995: dabbar da aka gyara kada halin rayuwarta ya zama ya fi na iyayenta da ba a gyara ba muni. Ku nemi a nuna muku hakan da hujja. A nuna muku tafiyarta da numfashinta a zafin Maiduguri, ba a ɗakin gwaji mai sanyi ba. A faɗa muku maruƙa nawa aka yi ɓarinsu ko aka haifa da nakasa kafin a samu wanda aka ɗauki hotonsa. A bi 'ya'yanta da jikokinta a gani. Ku tambayi wa zai mallaki irin, ko makiyayi zai iya barin bijiminsa ya hau garke yadda ya saba, ko kuwa duk shekara sai ya koma ya saya. In aka ce muku waɗannan bayanai sirrin kamfani ne, ku rubuta a rahotonku cewa ba a ba ku ba, kada ku sa hannu sai an kawo.